Keke Mai Sirdi Biyu

Shekara talatin da ɗaya Yayana ya yi yana tuƙa babbar motar fasinja kafin ciwon suga ya taɓa masa idanu. A tasha Guguwa ake ce masa, don bai taɓa yarda wata mota ta sha gabansa ba. Ni kuwa Auta yake kirana, ko bayan da furfura ta cika mini gemu. Gyaran keke nake yi a wani ɗan shago bayan kasuwa, jikin rumfar masu walda.

Ciwon bai zo masa lokaci ɗaya ba. Da farko cewa ya yi fitilun motocin da ke tahowa suna tarwatsewa a idonsa kamar an watsa ruwa a gilashi. Daga baya ya daina gane rubutun allon hanya sai ya zo daf da shi. Wata safiya ya dawo gida tun hantsi bai yi ba, ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce wa matarsa, wadda muke kira Anti, "Yau saura ƙiris in hau shingen gada da mutum hamsin a bayana. Na sauka ke nan." Sau biyu aka yi masa aiki a asibitin ido. Na farko ya ɗan taimaka na wata huɗu, na biyu bai tsinana komai ba. Kafin shekara ta zagayo, abin da ya rage masa kawai shi ne ya bambance rana da inuwa.

Sai ya shige ɗaki. Akwai wata kujera mai hannu kusa da taga, nan ya tare, labule a sake, rediyo a cinya. Sandar da aka ba shi a asibiti tana jingine a bayan ƙofa, ko ledarta ba a cire ba. Abokansa direbobi sun yi ta zarya wata biyu, sannan ƙafa ta ɗauke. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma faɗa a kan kofin shayi in an gusar da shi daga inda ya ajiye. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce lallai ya riƙa motsa jiki, shi kuma ya ce wa likita ya nuna masa inda makaho zai je.

Ni a lokacin duk ranar Lahadi nakan fita da keke da sassafe. Bayan gidan ruwa akwai tsohon layin dogo da aka kwashe ƙarafunansa, ya zama hanyar masu keke da masu tafiyar ƙafa. Hanyar takan ratsa ta cikin itatuwan turare wajen kilomita bakwai, ta haye wata gadar ƙarfe a kan rafi, ta bi gefen tafkin madatsar ruwa, ta ƙare a gindin wani tsauni. A nan ake ɗaure keke a hau da ƙafa. Shekara shida ina bin hanyar nan, amma gaskiya ban san ta ba. Abin sauraro a kunne, waya a aljihu tana lissafa mini minti nawa na yi, ni dai burina in rage minti biyu a kan na makon jiya.

Wata Talata Anti ta zo shagona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tsakanin tayoyin da ke rataye, ta ƙi zama.

"Auta, yayanka a kujerar nan zai mutu in ba a yi wani abu ba," ta ce. "Jiya ina jinsa yana cewa gara a ce tafiya ya yi gaba ɗaya. Har magungunansa na kwashe na ɓoye, ni nake ba shi da hannuna."

"To Anti, me kike so in yi? Ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa."

"Ni ma ban sani ba. Kai ne ƙaninsa."

Bayan ta tafi na daɗe ina kallon wasu tsofaffin kekuna biyu da masu su suka yi watsi da su a bayan shago. Washegari na ja su zuwa wurin maƙwabcina mai walda. Muka yanke bayan ɗaya, muka yanke gaban ɗaya, muka haɗa su da bututun ƙarfe mai kauri. Sarƙar ce ta ba ni wahala, sai da na haɗa guda biyu da rabi kafin fedar gaba da ta baya suka riƙa juyawa tare. Mako uku muka yi. Na shafa masa koren fenti, na sa wa sirdin baya soso mai taushi, na tura shi har gidan Yaya.

Anti ta kamo hannunsa ta fito da shi tsakar gida. Na ɗora tafinsa a kan sirdi. Ya shafa, ya bi ƙarfen da yatsu har ya iske sirdi na biyu, sai ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Keke ne?"

"Keke ne, Yaya. Ni a gaba, kai a baya. Taka feda kawai za ka yi."

"Fitar mini da shi daga gida."

Ya juya yana laluben bango, ya koma ɗaki. Anti ta dube ni, sai a lokacin na tuna abin da bai kamata in manta ba. Shekara goma sha tara da suka wuce motar Yaya ta buge wani dattijo a kan keke, ya rasu nan take. An je kotu, shaidu suka ce dattijon ne ya faɗo titi ba tare da ya duba ba, aka sallami Yaya. Tun daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar a gidanmu. Shi ya sa ma, ina jin, duk tsawon shekarun nan bai taɓa zama a shagona ya kai minti biyar ba.

Na kama keken zan fita da shi, Anti ta riƙe kariyar da ke bayan sirdi.

"Bar shi nan," ta ce a hankali. Ta jingine shi a bango, daidai hanyar da Yaya ke bi zuwa banɗaki.

Kwana goma yana karo da shi yana zagina. Rana ta goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara ina tsakiyar yin faci.

"Auta, wane irin makaniki ne kai? Sarƙar baya ta yi sako-sako, birkin kuma ɓangare ɗaya yake kamawa."

"Yaya, ashe ka duba shi?"

"Da wane idon? Zo ka gyara abinka. Ran Lahadi ka kai ni in ji ko aikin banza ka yi."

Fitarmu ta farko ba ta yi kyau ba. Mutumin da ya shekara talatin yana riƙe da sitiyari ba ya iya zama a baya ya yi shiru. Ya ƙanƙame ƙarfen riƙonsa yana ƙoƙarin juya shi, alhali a walde yake.

"Birki! Kwana ce a gaba, rage gudu!"

"Kai da ba ka gani, ina ka san kwana ce?"

"Kafaɗarka ta karkata, sakarai. Wa ya koya maka shiga kwana da gudu?"

Kafin mu kai itatuwan turare na kauce wa wani rami, shi kuma ya karkata ɗaya ɓangaren, muka zube cikin ciyawa, keken a kanmu. Na tashi a tsorace ina duba shi. Yana kwance rigingine, ciyawa a gashinsa, ƙirjinsa yana rawa. Na ɗauka numfashi ne ya sarƙe masa, ashe dariya yake yi.

"Da a tasha ne," ya ce, "da yau an karɓe maka lasin."

Daga nan muka riƙa fita duk mako. Ni a ganina aikina shi ne in zama idonsa, saboda haka bakina ba ya hutawa. Ga itace a dama, ga mai gudu ya wuce mu, ga gada nan tafe, ga tafki. Wata rana muna bin gefen tafkin ya ce, "Wane launi ne ruwan yau?"

"Launin ruwa mana."

"Ka duba dai."

Na tsayar da keken na duba. A bakin gaɓa ruwan ya yi kalar shayi da madara, saboda an yi ruwan sama kwana biyu kafin nan. Can tsakiya ya yi duhu kamar dalma. Tsakaninsu akwai wani siririn layi mai ƙyalli inda iska ke taɓa shi. Na faɗa masa haka. Ya gyaɗa kai.

"Shekara nawa ka ce kana bin hanyar nan?"

"Shida."

"Allah ya kyauta," ya ce. "Mu je."

Mako biyu bayan haka, muna shiga cikin itatuwa, ya taɓa bayana. "Auta, don Allah ka ara mini shirunka na kilomita ɗaya." Na ji haushi, amma na kama bakina. Muka yi ta tafiya, ba a jin komai sai ƙarar taya a kan tsakuwa da numfashinmu. Can ya ce, "Gada ta kusa." Saura kuwa kamar taku hamsin. Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce tsakuwar wurin ta fi laushi, kuma sanyin rafi yakan fara taɓa masa kuncin hagu. Ni ban taɓa jin wani sanyi a wurin ba. Da muka dawo na kula, yana nan kuwa.

A wannan lokacin ne ya yarda Anti ta riƙa kai shi asibitin ido ranar Laraba. Akwai wata nas, babbar mace, da ke tara waɗanda suka rasa gani tana koya musu tafiya da sanda da zuba ruwan zafi a kofi ba tare da sun ƙone ba. Kafin a tashi takan sa su zauna shiru minti biyar, kowa ya bi numfashinsa, shigarsa da fitarsa, in tunani ya ɗauke shi ya dawo da hankalinsa a hankali. Yaya ya ce mini zaman kaji masu kwanci ne. Amma Anti ta ce takan leƙa ɗaki da hantsi ta tarar ya kashe rediyo, ya miƙe baya a kujera, hannuwa a gwiwa.

A wata na huɗu ya ce yana so ya hau tsaunin. Muka ɗaure keke a gindin wata bishiya. Ya ɗora hannun hagu a kafaɗata, sanda a dama, muka kama 'yar siririyar hanyar da ke nannaɗe tsaunin. Inda nake yin minti goma sha biyar ni kaɗai, sai da muka yi arba'in. Sau uku yana tsayawa yana hutawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. A sama akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da mutane ke zama a kai. Daga nan ana hango tafkin gaba ɗaya da rufin gidajen gari. Ta gabas kuwa tsaunin a yanke yake, don an taɓa fasa dutse a wurin, ramin ya kai zurfin bene hawa shida, ba shinge ba komai.

Na zaunar da shi na ba shi ruwa. Ya ɗaga fuska yana jin iska.

"Iskar nan daga ƙasa take tasowa," ya ce. "Akwai rami?"

"Akwai."

"Ta ina?"

"Gabanka, ɗan dama kaɗan."

"Taku nawa daga nan zuwa bakinsa?"

Na auna da ido na ce goma sha biyu. Sai da maganar ta fita na ji gabana ya faɗi.

Lahadin da ta biyo muka sake hawa. Muna zama ya ce, "Auta, ina so ka sauka ka bar ni nan awa ɗaya."

"Me za ka yi?"

"Zama zan yi."

"To ni ma in zauna mana. Ba zan yi magana ba, wallahi."

"Tun da idona ya rufe ban taɓa zama ni kaɗai a waje ba. Kullum hannun wani a jikina, kamar kayan da za a loda. Awa ɗaya na roƙe ka."

Maganar Anti ta dawo mini, ta magungunan da ta ɓoye. Na dubi bakin ramin, na dubi Yaya. In na ƙi, na san ba zai sake hawa keken ba, zai koma kujerarsa. In na tafi kuma, ban san abin da zan dawo in tarar ba. Na ce to. Na kama hanya ina taka tsakuwa da ƙarfi don ya ji saukata. Da na yi nisa na cire takalma, na riƙe a hannu, na lallaɓo na dawo, na tsugunna bayan wani dutse da bai fi taku bakwai daga inda yake ba.

Yana zaune yadda na bar shi, baya a miƙe, sanda a kwance kan cinya. Ba abin da ke motsi a jikinsa sai ƙirji. Minti goma, ashirin. Cinnaku suka gano ƙafafuna. Ƙafar dama ta yi sanyi ta mutu, na kasa gyara tsugunno don kada in yi motsi. Wani shaho yana ta shawagi a saman ramin. Wasu mata biyu masu tafiyar motsa jiki suka hawo, suka gan ni a maƙale ba takalmi, suka dubi juna, suka juya.

Wajen minti talatin da biyar sai ya miƙe. Ya juya fuskarsa gaba, ɗan dama kaɗan, ya miƙa sanda. Ina jinsa yana ƙirgawa a hankali. Ɗaya. Biyu. Uku. Na yunƙura zan tashi, matacciyar ƙafar ta ƙi ɗaukata. Biyar. Shida. Na dafa dutse na miƙe da ƙafa ɗaya, ina lissafin ko zan cim masa kafin ya kai. Bakwai. Takwas.

A na takwas ya tsaya. Ya dogara sandar a ƙasa, ya ɗaga haɓa. Iska tana kaɗa masa riga. Ya daɗe a haka, ban san ko minti nawa ba. Sannan ya juya a hankali, ya ƙirga takwas, ya lalubi dutsen da sanda, ya zauna.

"Auta," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Fito haka nan, cinnaku sun gama da kai."

Na fito ina ɗingishi, takalma a hannu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun dawowarka. Warin giris ɗinka ko a kasuwa zan gane shi. Kuma kana numfashi kamar tsohon injin." Ya daki dutsen kusa da shi da tafi. "Zauna. Ka ɗauka faɗawa zan yi?"

Hawaye ne suka zubo mini, na gode Allah da ba ya gani, duk da na san ya ji.

"Ba ka yi laifi ba," ya ce. "Da a watannin farko ne ka kawo ni nan, da ban tsaya a na takwas ba. Gaskiya ke nan, kada ka gaya wa Antinka. Yau so na yi in je wani wuri da ƙafata, in tsaya inda na ga dama, in dawo."

Can ya ce, "Ka tuna dattijon nan mai keke?"

"Na tuna."

"Mai fenti ne. Bokiti biyu ya ɗauro a kariya. Farin fenti ya malale titi har ƙarƙashin motata, sai da aka yi wata ana ganin sawun tayoyi a wurin. Tun da idona ya rufe, fuskarku duk ta fara dushewa, har ta Antinka. Shi kaɗai nake gani tar, har da facin da ke gwiwar wandonsa." Ya juya sandar a hannunsa. "An ce shi ya faɗo titi, kuma haka ne. Amma ni a lokacin ba hanya nake kallo ba. Na wuce wata mota, ina kallon madubi in ga yadda na bar ta a baya. Daƙiƙa biyu. Da idona yana gaba, da na taka birki. Ban faɗa wa alƙali ba, ban faɗa wa kowa ba sai kai yau."

Ban ce masa ƙaddara ce ba, don na san ya ji wannan sau dubu. Na ce, "Allah ya ji ƙansa."

"Amin." Ya numfasa. "Nas ɗin nan ta ce in tunani ya zo kada ka bi shi, kada kuma ka yi kokawa da shi. Ni yadda na gane abin, kamar motar da ke tahowa ce a ɗaya hannun. Ka gan ta, ka ba ta hanyarta, ta wuce. Yawancinsu haka suke wucewa, haushin likita, haushin 'yan tasha da suka daina zuwa. Shi dai dattijon ba ya wucewa. Da can in ya zo sai in ƙure rediyo. Yanzu nakan bar shi ya zauna kusa da ni. Ba ya cewa komai. In roƙa masa gafara, in roƙa wa kaina, mu yi ta zama har ya tashi."

"Yana tashi?"

"Wata rana yana tashi. Kashe wayar nan taka, ka zauna daidai. Awata ba ta cika ba."

Na kashe. Ya ce in ƙirga numfashi goma, in hankalina ya gudu in koma ɗaya. Ban taɓa wuce huɗu ba a ranar. Ina ɗaya, biyu, sai in tsinci kaina a shago ina tunanin tayar da ban gama ba, ko ina sake ganin bayansa yana nufar ramin. Amma tsakanin wannan da wancan na ji abubuwan da ban taɓa ji a tsaunin ba: kukan kurciya can ƙasa, ƙarar injin gidan ruwa kamar ana niƙa a nesa, zafin dutse yana ratsa wandona, bugun zuciyata yana sauka a hankali.

Shekara biyu da wata uku muka yi muna wannan fita. In an yi ruwa mu jira ya ɗauke, in ya ƙi mu tafi a haka. Masu bin hanyar suka san mu, har masu gudu kan ɗaga murya su ce, "Direba, a sauka lafiya!" shi kuma ya ce su matsa ko ya bi ta kansu. Ya rage ƙiba, kumburin ƙafa ya sauka. Bai daina faɗa ba, kuma akwai makonnin da zai wuni bai ce uffan ba, amma labulen ɗakinsa a ɗage yake. A saman tsauni nakan bar shi awarsa, in koma can gefe in yi tawa.

Sai ƙoda ta fara ba shi matsala. Aka shiga kai shi wankin ƙoda sau biyu a mako, yakan dawo a galabaice kamar an matse tsumma. Muka daina hawa tsauni, muka koma tsayawa a bakin tafki. Fitarmu ta ƙarshe, tun daga gidan ruwa na ji keken ya yi nauyi. Ƙafafunsa suna kan feda suna juyawa, amma ni kaɗai nake turawa. Na sunkuya na yi ta takawa har cinyoyina suka ɗau zafi. Da muka haye gada ya ce, "Yau fasinja ka ɗauko."

"Kana taimakawa mana, Yaya."

"Kada ka yi mini ƙarya da tsufana. Tsaya nan."

Muka zauna a gindin wani itacen turare. Ya tsinci busasshen ganye ya murtsuke a tafinsa yana shinshinawa. Bai yi wata doguwar magana ba. Ya ce in riƙa duba birkin baya, ya fara cinyewa. Ya ce in riƙa leƙa Anti. Bayan kwana goma sha tara ya rasu a asibiti, da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa Anti tana riƙe da hannunsa.

Na mayar da keken shago na rataye shi a bango. Sau ɗaya na sauke shi na hau ni kaɗai, amma da na waiga na ga fedar baya tana juyawa ba kowa a kai, sai na sauka na turo shi da hannu har shago.

Bayan wata biyar Anti ta kira ni. Ta ce tana so in kai ta wurin da yake zama. Ba ta taɓa hawa keke ba kuma ta ce ba za ta fara da tsufanta ba, saboda haka mota ta sauke mu a bakin madatsar ruwa, muka ƙarasa da ƙafa. Ta sha wuya a hawan, tana tsayawa tana riƙe gwiwa, amma ta ƙi in kama ta. Da muka kai na nuna mata dutsen. Ta tsaya tana dube-dube, kamar mai neman abin da ta yar.

"Ina jajayen furannin?" ta ce.

"Waɗanne furanni, Anti?"

"Ya ce dutsen kewaye yake da jajayen furanni. Ya ce akwai wani farin jirgin ruwa da ke tsaye kullum a tsakiyar tafki, da wani gida mai shuɗin rufi a ƙetare, mai hayaƙi yana tashi." Ta dube ni. "Duk Lahadi in ya dawo sai ya zaunar da ni ya ba ni labarin abin da kuka gani. Na ɗauka kai kake faɗa masa."

Na dubi tafkin. Ba jirgi a ciki, ba a ma yarda a sa jirgi a wurin ba. A ƙetare ba komai sai ciyawa da turakun lantarki.

"Ban taɓa faɗa masa haka ba," na ce.

Ta yi wata 'yar dariya ta share ido da gefen mayafi. "Ka ji mutum. Shekara biyu yana shirga mini ƙarya, ni kuma ina cewa kai, amma wurin nan da kyau."

Ta zauna a kan dutsen, ta cire takalma ta ajiye a gefe, tana murza yatsun ƙafarta. Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Amma ba laifi," ta ce. "Ko haka ma da kyau. Ba ni ruwan nan in sha, mu ɗan huta kafin rana ta yi zafi."